Ado Ba Ƙugiya, Rawani Ba Kai

Wai shin wace irin cuta ce ta kama masu shirya mujallunmu da katunan gayyata, tun daga Samaru har Chikaji da cikin Sabon Gari? Da zarar an zo kan take, sai kowa ya ruga ya ɗauko rubutun tsutsa, wato karkatattun baƙaƙen nan masu siririn wuya da 'yan dugadugai, don kawai sun yi masa kyau a ido. Babu mai tsayawa ya tambaya ko zubin da ya zaɓa ya san Hausa.

To, da yawansu ba su sani ba. An zana su ne don harsunan Turai, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Idan kwamfuta ta nema ta rasa, sai ta aro daga wani zubi, ka ga ƙ ta miƙe ƙiƙam a tsakiyar kalma alhali sauran duk sun kishingiɗa. Mai shirya shafi kuwa in abin ya ba shi haushi, sai ya sare ƙugiyar ya huta. Nan take ƙura ta zama kura, ƙafa ta zama kafa, baƙin da aka gayyata su koma baki. Wannan ai ɓarna ce, ko da an yi mata kwalliya.

Kada wani ya ce muna ƙin ado. Rubutun tsutsa yana da asali: Aldus Manutius ya fara buga littafi da shi a Banis ta Italiya a 1501, kuma har gobe shi ya dace da sunan littafi da baƙuwar kalma. Abin da muke ƙi shi ne a sayi adon da ma'ana.

Masu cewa babu yadda za a yi, su ji kunya. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ƙugiyar nan a boko, zamanin Dakta Rupert East a nan Zariya. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 da dalma ya yi ta buga ta. Malamanmu na zamanin tafireta da biro suke bin takarda suna lanƙwasa ta ɗaya bayan ɗaya. Yau ga Gentium, ga Charis, kyauta ake samunsu, kowanne da rubutun tsutsarsa mai cikakkiyar ƙugiya. Ina uzurin?

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kafin ku amince da kowane zubi, ku sa a buga muku "Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya", da manya da ƙananan baƙaƙe, a tsaye da kuma a karkace. In ƙugiya ɗaya ta ɓace, ku mayar masa da kayansa. Malamai kuma, don Allah ku daina sa hannu a kundin da bangonsa ya kira ƙasa kasa. In Sashen Hausa bai kare baƙaƙensa ba, wa zai kare masa?