Asfirin Ba Zai Maye Gurbin Awon Likita Ba

Daga unguwar Sabo ta Mokola zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, tafiya ce 'yar kaɗan. Amma kemis ya fi kusa, ga araha. Saboda haka duk wanda ya ji labarin cewa asfirin yana tare ciwon daji na hanji, yana iya zaton ya huta da ganin likita. To, a yi hattara.

Maganar tana da tushe. A 2011 Farfesa John Burn na Jami'ar Newcastle a Ingila ya ba da sakamakon binciken da aka yi kan mutum 861 masu gadon wata larura da ake kira Lynch, wadda ke jawo wannan ciwo. Waɗanda suka sha asfirin kullum har shekara biyu, ciwon ya ragu ƙwarai a cikinsu. Amma su masu gado ne, kuma likita na lura da su.

Ga sauran jama'a kuwa, labari ya sha bamban. A 2018 aka bayyana wani bincike kan tsofaffi fiye da 19,000 a Ostireliya da Amurka. Asfirin bai ƙara musu kwana ba, sai ma zubar jini da ya yawaita. A 2022 kwamitin rigakafi na Amurka ya janye shawararsa ta 2016 ta shan asfirin domin tare wannan ciwo.

Dalili kuwa shi ne, asfirin yana hana jini daskarewa, yana kuma cin bangon ciki. Mai gyambon ciki yana iya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Sa'an nan ƙwaya ba ta da ido. Ciwon yakan faro ne da ɗan tsiro wanda ke shekaru bai yi zafi ba. Gwajin bayan gida yana gano jinin da ido ba ya gani, na'ura mai kyamara kuma tana ganin tsiron, a cire shi tun bai rikiɗe ba.

Saboda haka magidancin Sabo da ya kai shekara 45, ko wanda ciwon ya taɓa kama ɗan'uwansa, ya nemi awo. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana rama babu dalili, kada ya ce basir ne ya zauna shan jiƙo. Ya tafi asibiti tun da wuri. Allah ya ba da lafiya, amin.