Jarrabawar zama lauya a Nijeriya: Gwajin ƙwarewa ko na hadda?

A Nijeriya, digirin shari'a na shekaru biyar bai isa ya bai wa mutum damar tsayawa gaban alƙali a matsayin lauya ba. Sai ya shafe kusan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi ta ƙasa, ya kuma ci jarrabawarta ta ƙarshe.

An kafa makarantar ne da dokar 1962, ta kuma soma aiki a Legas a 1963 da ɗalibai 8 kacal. A 1997 aka mayar da hedkwatarta Bwari da ke Abuja, tana kuma da rassa a wurare da suka haɗa da Legas da Enugu da Yola da Bagauda a jihar Kano.

Darussa biyar

Ana koyar da darussa biyar: shari'ar laifuka, da ƙararrakin da ba na laifi ba, da dokokin filaye da kadarori, da na kamfanoni, sai kuma ɗa'ar aikin lauya. Darussa iri ɗaya ne ga kowa, har da waɗanda suka haɗa shari'ar Musulunci da ta Turawa a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello.

Tun bayan garambawul ɗin da aka yi wa manhajar a 2008, ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, a ba su aikin rubuta takardun shigar da ƙara ko yarjejeniyar sayen fili, su kuma gudanar da shari'ar gwaji. Daga bisani akan tura su kotuna da ofisoshin lauyoyi na wasu makonni, inda kowa ke rubuta abin da ya gani a kundinsa, sa'annan ya kare shi a gaban malamai.

Sai dai kuma waɗannan ayyuka sharaɗi ne kawai da ake cikawa. Makomar ɗalibi ta rataya ne a kan 'yan kwanaki na ƙarshen zango, inda yake amsa tambayoyin zaɓi da kuma na dogon rubutu.

Ce-ce-ku-ce

Makarantar ta shafe shekaru da dama tana auna ɗalibi da makinsa mafi ƙaranci, ta yadda wanda ya yi fice a darussa huɗu kan rasa babban matsayi saboda tuntuɓe a na biyar. A 2014 ma, faɗuwar ɗimbin ɗalibai ta haddasa muhawara mai zafi a ƙasar.

Masu goyon bayan tsaurin jarrabawar na cewa kuskure guda daga lauya kan iya jefa mutum kurkuku ko raba shi da gadonsa. Su kuwa masu suka na ganin cewa tsarin ya fi fifita mai kaifin hadda a kan wanda ya iya aikin, ga kuma ɗawainiyar da sake zama ke ɗora wa iyaye marasa ƙarfi.

Muddin ayyukan da ɗalibi ke yi a kotu da ofis ba su samu kaso mai tsoka a sakamakonsa ba, da wuya ɗalibai su daina ɗaukarsu a matsayin cika sharaɗi, alhali kuwa su ne ainihin aikin da ke jiransu bayan an rantsar da su.