Ina Sulken Motocin Sojojinmu?

'Yan'uwa mazauna Kurmi, masu ratsa Tegina in za ku gida, wannan magana taku ce. Cikin watan Agusta 2023 'yan bindiga suka yi wa sojoji kwanton ɓauna tsakanin Zungeru da Tegina, jirgin da ya kwaso masu rauni kuma ya faɗi a Shiroro. Hedkwatar Tsaro ta ce an rasa mutum 36.

Kowace shekara Majalisa tana zartar da kasafin tsaro. Manya suna yawo cikin motocin da harsashi ba ya hudawa, ɗan talaka kuwa a ɗora shi bayan a-kori-kura. Ba rashin iyawa ba ne, don tun 2019 DICON ta Kaduna ta ƙera mota mai sulke, Ezugwu.

Ku tambayi wakilanku: nawa aka ware wa sulke, nawa ya isa bariki? Ina amfanin baɗi ba rai?