Raddi Ga Mai Halatta Kama-Karya A Ƙungiyoyin Wasan Intanet

Wani ɗalibi mai kaifin basira, wanda muke zama majalisa ɗaya da shi bayan la'asar a Nassarawa GRA, ya yi da'awar cewa ƙungiyoyin da samarinmu ke kafawa cikin wasannin waya, irin su Clash of Clans da PUBG, babu abin da ya dace da su face mulkin mutum ɗaya wanda ba a ja da shi, ya kuma kafa hujjoji uku.

Ta farko, wai yaƙi ba ya jiran shawara. Na sallama masa wannan a fagen fama, inda daƙiƙa guda ke raba nasara da kunya. Sai dai ya cakuɗa mas'aloli biyu da malamai suka rarrabe, domin amirin tafiya ana yi masa ɗa'a ne muddin ana bisa hanya, ba ya zarcewa ya mallake guzurin ayari bayan an sauka. Korar mutum da zaɓen mayaƙa kuwa cikin natsuwa ake yin su, babu uzurin gaggawa a nan.

Ta biyu, wai maƙeran wasan ne da kansu suka damƙa wa shugaba ragama. Ikon aikata abu daban, halaccinsa daban. Kamfanin Supercell, wanda ya fitar da Clash of Clans a 2012, ya sanya mataimaka da dattawa cikin ƙungiyar da ba ta wuce mutum 50 ba. Kuma da ɗalibin ya san abin da ya auku a wasan EVE Online cikin Fabrairun 2009, sa'ad da jami'i guda, wanda aka tara wa iko ba tare da mai sa masa ido ba, ya sauya sheƙa ya rushe ƙawancen Band of Brothers mai dubban 'yan wasa a dare ɗaya, da ya sassauta murya.

Ta uku ita ce mafi rauni, wai wanda bai gamsu ba ya fita. Yaron da ya shekara biyu yana sayen data da kuɗin makarantarsa, yana yawon neman caji idan an ɗauke wuta, shi za a ce wa ga hanya nan? A birnin nan na Kano Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami domin shugabanni su san iyakarsu, ko da yake na san abin dariya ne a janyo shi cikin zancen wasa.

Hujjar farko ta tsaya a fagen fama kaɗai. Sauran biyun sun faɗi.