Kujerar haya: abin da ɗalibi yake saya a shagon gahawa

A 'yan shekarun nan ƙananan shagunan gahawa sun yawaita a unguwannin Kano da Kaduna da Abuja, kuma ɗaliban jami'a na cikin waɗanda suka fi cika su. Duk wanda ya leƙa ɗaya a makon jarrabawa zai tarar da tebura shaƙe da kwamfutoci da wayoyin caji, ga kofin da ya huce tun sa'o'i biyu da suka wuce ba a ɗauke ba. Idan ɗalibai suna shawartar juna a kan shagon da ya fi dacewa da karatu, maganarsu takan tsaya ga kyan wuri, da daɗin abin sha, da ƙarfin intanet. Da wuya a ji wanda ya tambayi irin karatun da za a yi a can, alhali amsar wannan tambaya ce ke nuna ko zaman zai yi amfani ko zai zama asarar kuɗi da yini.

Ya kamata a fara da gane abin da ake saya. Ɗalibin da ya shiga shago da jaka a baya, gahawa ita ce mafi ƙanƙantar buƙatarsa. Kujera yake haya, da soket mai wuta, da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, na tsawon wasu sa'o'i. Kofin da aka ajiye masa shi ne rasit. Dalilin wannan ciniki ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tada janareta don a yi karatun dare ya fi ƙarfin yawancin gidaje. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, jami'o'i da dama suka fito fili suna kukan cewa ba za su iya biya ba. Ɗalibin da aka ɗauke wa wuta a ɗakin kwana, batirin kwamfutarsa ya mutu, ga kundin kammala digiri yana jiransa, ba son gayu ne ya kai shi shago ba.

Haɗuwar gahawa da neman ilimi ma tsohuwar aba ce. Sufayen Yaman ne a ƙarni na 15 suka riƙe ta don korar barci a daren zikiri, daga nan ta isa Alƙahira ta hannun 'yan Yaman da ke zaune a kewayen Azhar. Da ta kai Ingila, a garin jami'a ta fara sauka: an buɗe shagon farko a Okusfod a farkon shekarun 1650. Ba a yi shekara talatin ba sai da masanin tarihin jami'ar, Anthony Wood, ya koka cewa karatu mai zurfi ya ja baya saboda ɗalibai na ƙare lokacinsu a shagunan gahawa. Kukan nasa yana da ƙamshin ƙorafin tsofaffi a kan yaran zamani, amma akwai gaskiya a ciki, kuma binciken zamani ya nuna inda take.

Masu kare karatu a shago sukan dogara da wani bincike da Ravi Mehta da abokan aikinsa suka wallafa a 2012. Sun gano cewa matsakaiciyar hayaniya, wajen desibel 70, wato kwatankwacin ta shagon da ke da jama'a, ta fi taimaka wa mutum wajen ƙirƙiro sababbin dabaru fiye da tsit ɗin desibel 50. Idan kuwa ta kai 85 sai ta koma cutarwa. Sakamakon gaskiya ne, sai dai ana ɗora masa kayan da bai ɗauka ba. Ƙirƙira aka auna, ba hadda ko fahimtar rubutu mai wuya ba. Wanda ke neman ta inda zai ɓullo wa gabatarwar muƙala zai iya amfana da ɗan motsin mutane. Ɗalibin likitanci da ke haddace sunayen jijiyoyi, ko ɗan shari'a da ke bin hukunci shafi bayan shafi, lissafinsa daban ne, domin tun shekarun 1970 masana halayyar ƙwaƙwalwa suka tabbatar cewa magana da ke tashi a gefe tana rage abin da mai karatu ke riƙewa, ko da bai yi niyyar saurare ba. Inda aikin na fahimtar ma'ana ne, maganar da kunne ke ganewa ta fi wadda ba ya ganewa ɓarna. Mafi muni ita ce hirar waya: a 2010 masu bincike a Jami'ar Cornell sun nuna cewa jin ɓangare ɗaya na zance ya fi ɗauke hankali a kan jin ɓangarorin biyu, saboda ƙwaƙwalwa takan shiga aikin cike giɓin da ba ta ji ba.

Wannan yana bayyana wani abu da waɗanda suka yi karatu a waje sukan lura da shi. Bahaushen da ya saba karatu lafiya lau a shagon gahawa a Istanbul, inda surutun Turkanci yake zame masa kamar ƙarar ruwan sama a kan kwano, idan ya dawo gida ya gwada haka sai ya ga abin ya gagara. A teburin da ke kusa ana tattauna lefe, a na bayansa ana fashin baƙin siyasar jiha, kuma kowace kalma tana shiga kunnensa da ma'anarta. Saboda haka shagon da hayaniyarsa ta cakuɗe har ba a iya tsintar zancen kowa ya fi wanda yake tsit amma mutum biyu na hira a tsakiyarsa. Kiɗa mai waƙar da aka sani shi ma magana ce.

Akwai kuma gaisuwa, wadda babu wani bincike na Turai da ya sa ta a lissafi. A ƙasar Hausa ba a ganin sananne a ɗaga masa hannu daga nesa a wuce. Sai an zo, an tambayi gida, an tambayi karatu da gajiya, wataƙila a ja kujera. Wannan ɗabi'a ce mai kyau da ba wanda zai so a rasa, amma shagon da ke bakin ƙofar makaranta, inda duk mai shigowa ɗan aji ne ko ɗan unguwa, majalisa ce mai rufi. Ɗalibin da ke son aiki ya fi dacewa da shagon da ke nesa kaɗan, inda mai shago ya san shi amma masu shigowa ba su san shi ba. Abin da ke da amfani a zama cikin baƙi shi ne idonsu: mutum yakan ji nauyin a gan shi ya buɗe kwamfuta yana kallon bidiyo alhali na kusa da shi ya duƙufa. Idon aboki ba ya wannan aiki.

Sai batun kuɗi, wanda ɗalibai ba sa son lissafawa. A ƙaddara kofi ɗaya naira dubu uku ne, kuma ana zuwa sau uku a mako. A wata an kashe dubu talatin da shida, ban da kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa. Kuɗin ciyarwa da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ke bayarwa naira dubu ashirin ne a wata. Ga mafi yawan ɗaliban jami'o'in gwamnati ke nan, zaman shago ba zai taɓa zama al'adar kullum ba, kuma wanda ya mai da shi haka don kada a bar shi a baya, da kuɗin abincinsa yake biya. Ya fi kyau a ware shi ga ranakun da aikin ke buƙatar wuta da intanet da gaske: sauke muƙalu, gyaran kundi, haɗa aikin rukuni, cike fom ɗin neman tallafin karatu. Hadda da bitar darasi suna da wurarensu na kyauta, daga ɗakin karatu na jami'a zuwa ajin da babu kowa da inuwar darbejiya bayan sallar asuba. Sauya wuri ma ba aibi ba ne. Wani gwaji da Steven Smith da Arthur Glenberg da Robert Bjork suka yi a 1978 ya nuna cewa waɗanda suka karanta jerin kalmomi a ɗakuna biyu daban sun fi tunawa da su a kan waɗanda suka maimaita a ɗaki ɗaya.

Ga ɗalibai mata lissafin yana da wata fuska, kuma a nan ne shagon gahawa ya fi cancantar yabo. Teburin mai shayi da majalisar ƙofar gida, inda samari suka daɗe suna samun wurin zama a waje, ba a taɓa buɗe su ga mata ba. Shago mai haske, mai tagogi, wanda iyaye za su iya sanin inda yake, ya ba ɗaliba wurin da za ta zauna da littafinta ba tare da an tambaye ta me take jira ba. Abin da za ta duba ya fi na namiji yawa: ko akwai keɓantaccen wurin salla da alwala, ko ana shan shisha a wurin da yamma, ko za a sami abin hawa a bakin titi bayan magariba. Shi ma namijin sai ya san wa zai bar wa kwamfutarsa idan ya tashi salla.

Ita kanta gahawar tana da farashin da ba a rubuta a takarda ba. Sinadarin kafeyin yakan ɗauki kimanin sa'o'i biyar kafin rabinsa ya fita daga jiki, kuma wani bincike na 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha sa'o'i shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da sa'a guda. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka karanta da rana. Ɗalibin da ya sayi kofi na biyu da la'asar don kawai ya halatta zamansa, gara ya sayi zoɓo.

Mai shago shi ma yana da haƙƙi, kuma ɗalibai sukan manta. Wutar da ake caji da ita, dizal ne ko batirin sola da ya saya da tsada. Teburin mutum huɗu da ɗalibi ɗaya ya mamaye daga hantsi zuwa la'asar a kan kofi guda ciniki ne da ya kuɓuce masa. Ko Starbucks, da duk girmansa, a watan Janairun 2025 ya soke ƙa'idar da ya kafa a 2018 ta barin kowa ya zauna ba tare da sayen komai ba a shagunansa na Arewacin Amurka. Ƙaramin shagon unguwa ba shi da ƙarfin jure abin da wannan kamfani ya gaji da shi. Amma yana da abin da babban kamfani ba shi da shi, wato mai shi yana nan a zaune, ana iya magana da shi. Ɗalibin da ya tambaye shi lokacin da ciniki ke ja baya, ya riƙa zuwa a lokacin, ya zauna a ƙaramin tebur, ya tashi idan wuri ya cika, sau da yawa shi ne wanda za a ajiye wa kujerar da ke kusa da soket.

Bayan duk wannan, hanyar tantance shago ba ta da wuya. A je a daidai sa'ar da ake niyyar riƙa zuwa, domin wurin da yake tsit da ƙarfe goma na safe yakan zama dandalin hira da ƙarfe biyar. A karanta babi ɗaya na minti arba'in, a rufe littafi, a rubuta abin da aka tuna a farar takarda. Washegari a yi haka da wani babi mai kama da shi a ɗakin karatu na makaranta, sannan a ajiye takardun biyu gefe da gefe, a ajiye rasit ɗin shagon a kan tasa.