Ciwon suga da gishiri: Abin da ƙwayar jini ke faɗa kan makomar ƙoda

Tallafin da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025, wanda ya sauke kuɗin wankin ƙoda daga Naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ya kawo sauƙi, sai dai bai taɓo tushen matsalar ba. Ga mai ciwon suga a Achika ta Ƙaramar Hukumar Wudil, wanki sau biyu ko uku a mako na nufin kuɗin mota zuwa birni da barin gona ko shago. Don haka riba tana ga gano wanda ke cikin haɗari tun ƙodar na da ƙarfinta.

Kusan mutum ɗaya cikin uku masu ciwon suga ne cutar ke taɓa wa ƙoda. Domin gano abin da ya bambanta shi da sauran, masana sun duba jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda suka fi naman ƙoda sauƙin samu. A fatar kowace ƙwaya akwai ƙofofin da ke shigar da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, suna kuma fitar da shi. A 1988, masu bincike a Boston da Landan suka ruwaito cewa ɗaya daga cikin ƙofofin ta fi saurin aiki a jinin masu nau'in farko na ciwon suga da ƙodarsu ta lalace, suka danganta hakan da gadon hawan jini.

Binciken da suka biyo baya ba su yi ittifaƙi ba, shi ya sa gwajin bai shiga asibitoci ba. Amma darasinsa ya zauna: idan suga da hawan jini suka haɗu, ƙoda ce ke shan wahala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. A tukunyar Bahaushe kuwa, dunƙulen magi da kanwa ma sodiyam ne, ko da ba a sa su a lissafi.

Tun 2002 Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke dashen ƙoda, amma kaɗan ne ke iya biya. Abin da ya rage ga hukumomin lafiya na Kano shi ne kai awon hawan jini da gwajin furotin a fitsari, sau ɗaya a shekara, zuwa ƙananan asibitocin mazaɓu irin Achika. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.