Martani ga Malamina: Wasa Uku Ba Su Isa Awon Gwani Ba

 Saƙonka ya iso ni har Gaffati, kuma ba ta baki ɗaya ba. Mai kabu-kabun da ya ɗauko ni daga Damagaram ne ya fara tsegunta mini, iska na kwashe rabin maganar, wai tsohon malaminmu na motsa jiki ya wanke ni tas a shirin wasanni na rediyo. Da daddare a fada aka kunna mini muryarka a waya, ana zuba shayi na biyu ana satar kallon fuskata. Sau uku na saurara. Abin da na faɗa wanda ya jawo duk wannan bai taka kara ya karya ba. Cewa na yi ba a auna gwanintar ɗan ƙwallon kwando da abin da ya yi a Olamfik ko gasar cin kofin duniya ko ta Afirka, domin waɗannan gasanni shirin ƙasa suke aunawa fiye da hannun mutum ɗaya. Ban janye ba. Amma tunda ka jero zarge-zarge, zan bi su yadda ka kawo su.

Ka fara da cewa na mayar da Amurka alƙibla, wai duk abin da ba a NBA aka yi shi ba wasan yara ne a wurina. Ba haka na ce ba. Tsawon kakarta ne ya sa na ambace ta. Kowace ƙungiya wasa 82 take bugawa daga Oktoba zuwa Afrilu kafin ma a shiga zagayen neman kofi, yau gida jibi waje, ga ciwon gwiwa ga gajiyar jirgi. Wanda ya yi wata shida yana zuba maki a haka, ba za a ce sa'a ya taka ba. A Olamfik kuwa wanda ya kai ƙarshe wasa 6 ya buga, wanda aka kora tun a rukuni wasa 3. Kai ɗan gidan noma ne, ka san ba a kiran mutum rago don damina ɗaya ta ba shi dami goma, sai an tambaya ko ruwa ya ɗauke lokacin da gero ke fidda kai. Da gasar Sifaniya ko EuroLeague ka kawo mini da ban yi musu ba, su ma doguwar kaka gare su.

Wasan ma ba iri ɗaya ba ne, kuma ka fi ni sanin haka, shiru kawai ka yi. A dokar FIBA, hukumar kwando ta duniya, minti 40 ake yi, a NBA 48. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa a FIBA, a NBA sai shida. Layin jifan maki uku yana kan mita 6.75 a ɗaya, 7.24 a ɗayan. Babba a ciki ita ce wannan: a NBA mai tsaro ba ya tsayawa ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku in ba wani yake tsare da shi ba, a FIBA kuwa ƙato yana iya kafa bukka a wurin har a tashi. Shi ya sa Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya haifaffen Atina, wanda sana'arsa kutsawa cikin kwando da gudu, ya je gasar duniya ta 2019 a Sin yana riƙe da kambun gwarzon NBA ya tarar da bango. Ƙasarsa Girka ko zagayen 'yan takwas ba ta kai ba. Mutumin bai manta wasa cikin wata uku ba. Hanyarsa aka toshe, kuma abokansa ba su iya jifa daga nesa yadda za a buɗe masa ita ba.

Zarginka na biyu shi ya fi burge 'yan fada, har wani ya tafa. Ka ce tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa da ita Nijar ke sanin sarkin kokawa, ba wanda ya taɓa cewa a je a ƙirga waɗanda mutum ya kayar a ƙauyensu bayan girbi. Haka ne. Ni ma na zauna a filin Langa-Langa rana na dukana, na ga yadda fili ke yin tsit idan ƙarti biyu suka sunkuya suna lalubar hannun juna. Amma dubi abin da ka kwatanta. A takobi jihohi takwas kowace ta kawo ƙartinta goma, duk wanda ake ji da shi yana wurin, doka ɗaya ce, kuma mutum biyu ne a cikin da'ira. Ɗan kokawa Issaka Issaka bai taɓa tsayawa jiran wani ya miƙo masa ƙwallo ba. In ya kayar ƙarfinsa ne, in ya faɗi gwiwarsa ce ta taɓa ƙasa. Kwando mutum biyar ne, da wasu bakwai a benci, da koci da zai iya zaunar da kai a lokacin da hannunka ya yi zafi. A Atina a 2004 Amurka ta je da Tim Duncan, wanda ya ci kambun gwarzon NBA a 2002 da 2003, cikin ƙungiyar da aka harhaɗa cikin 'yan makonni bayan manya da yawa sun ƙi zuwa. Puerto Rico ta lallasa su 92 da 73, Carlos Arroyo ya ci maki 24. Ajantina, wadda 'yan wasanta suka shekara da shekaru tare, ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. Tagulla Duncan ya koma da ita gida, kuma ita kaɗai gare shi a Olamfik. To Malam, in yau aka ba ka ƙungiya aka ce zaɓi ɗaya tsakanin Arroyo da Duncan mai kofin NBA biyar, ka faɗa wa masu sauraro wa za ka ɗauka.

Sai babbar hujjarka, daren 10 ga Yulin 2021 a Las Vegas. A nan zan ɗan zauna, don ni ma daren yana raina. Ƙarfe ɗayan dare ya wuce a wurinmu, ina kwance a tsakar gida kan tabarma da waya a hannu, hoto na tsayawa yana tafiya, caji na ƙarewa. Da Precious Achiuwa ya tashi sama ya mayar wa Kevin Durant ƙwallonsa, ihun da na yi sai da maƙwabcina ya leƙo ta katanga da sanda yana tambaya ko ɓarawo ne. Najeriya 90, Amurka 87. Gabe Vincent ya ci 21, jifan maki uku har 20 suka shiga. Shekara tara kafin nan a Landan, Amurka ta ci Najeriya 156 da 73, Carmelo Anthony shi kaɗai ya zuba 37 cikin ƙasa da minti 15. Duk wanda ya sha wancan wulaƙanci yana da haƙƙin yin ihu.

Ka ce wannan ya nuna taurarin NBA suna ne kawai. Amma ka tsaya a tsakiyar labari. Wasan share fage ne. Da aka isa Tokyo, Ostireliya ta ci Najeriya, Jamus ta ci, Italiya ta ci, aka tattaro kaya. Amurka ta sha kashi hannun Faransa a wasanta na farko, ta sake haɗuwa da ita a na ƙarshe ta ɗauki zinare, Durant ɗin nan da aka tare ya ci 29. Wanne za mu ɗauka a matsayin awo, daren Las Vegas ko makon Tokyo? Kuma ga abin da ya fi ba ni dariya. A wasan Jamus, Jordan Nwora ya ci wa Najeriya maki 33. Kwana takwas kafin nan ƙungiyarsa ta Milwaukee Bucks ta ɗauki kofin NBA, shi yana benci yana tafi, Giannis yana zuba 50 a wasan ƙarshe da Phoenix. Giannis bai je Tokyo ba, don Girka ba ta samu gurbi ba. In da mudunka za mu auna, a daminar 2021 yaron benci ya fi maigidansa. Nwora da kansa ba zai yarda da wannan ba.

Daga nan ka koma kan kishin ƙasa, muryarka ta ɗaga. Ka ce wanda bai ɗauki tutar ƙasarsa ba bai cancanci a kira shi gwani ba, ka ambaci Hakeem Olajuwon da Joel Embiid. Wallahi abin yana yi mini zafi ni ma. Yaron Legas ne Olajuwon, ɗan ƙwallon hannu, a wata gasar makarantu a Sakkwato ya fara buga kwando a gaban jama'a, amma lambar zinarensa ta 1996 da rigar Amurka ya karɓe ta, yana ɗan shekara 33, yana raba mintuna da Shaquille O'Neal da David Robinson. Embiid na Yawunde ma haka ya yi a Faris a 2024, 'yan kallo na yi masa ihu. Ka yi fushi da su in ka so, ba zan ba ka haƙuri ba. Sai dai fushi ba ya goge abin da ido ya gani. Olajuwon aka fara ɗauka a zaɓen 1984, Michael Jordan na uku. Kofi biyu ya kai Houston, 1994 da 1995. Ƙwallo 3,830 ya tare, har yau ba wanda ya kamo shi a littafin NBA. A Fabrairun 1995 yana azumin Ramadan aka zaɓe shi gwarzon wata. Mutumin da za ka cire daga sahun gwanaye ke nan saboda launin riga?

Inda ka ce na raina waɗanda suka yi wa ƙasa hidima, nan ka fi ɓata mini rai, kuma nan zan ba ka rabin gaskiya. Akwai abin da gasar ƙasashe ke nunawa wanda doguwar kaka ba ta nunawa: wa ke amsa kira idan babu kuɗi a ciki. Ike Diogu a Amurka aka haife shi, shi ne na tara a zaɓen 2005, bai yi wani tashe a NBA ba. Amma a ranar 156 ɗin nan ta Landan, ana ta ruwan ƙwallaye a kansu, bai sunkuyar da kai ba sai da ya ci 27. A 2017 shi aka zaɓa gwarzon AfroBasket duk da Tunisiya ce ta ɗauki kofin. Chamberlain Oguchi bai taɓa buga wasan NBA ko ɗaya ba, shi ne gwarzon 2015 lokacin da Najeriya ta ci Angola 74 da 65 ta ɗauki kofinta na farko. Waɗannan a jinjina musu, a sa sunansu a filaye. Abin da ban yarda ba shi ne a ce don haka sun fi Olajuwon iya wasa. Su kuma matan Najeriya D'Tigress, ai hujjata ce ka ɗauko ba taka ba. Kofin Afirka biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, da doke Ostireliya da Kanada a Faris ƙarƙashin Rena Wakama har suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik. Shekara takwas ana abu ɗaya, wannan ai doguwar shaida ce, irin wadda nake nema tun farko.

Kuma su ɗin ne suka nuna wa duniya abin da gasar ƙasashe ke aunawa. A Yunin 2017 hukumar kwando ta Najeriya ta yi zaɓe biyu cikin kwana biyu, na Kano ya ba Tijani Umar, na Abuja ya ba Musa Kida, aka shiga shekaru ana ja-in-ja. A Fabrairun 2022 matan suka je Belgrade suka ci Faransa da Mali, suka samu gurbin gasar duniya ta Sydney da guminsu. A Mayu gwamnati ta ce ta janye ƙasar daga wasannin waje na shekara biyu. Kafin a sauya shawara FIBA ta miƙa gurbin ga Mali, wadda suka doke. In ka buɗe littafin gasar 2022 ba za ka ga sunan Ezinne Kalu ko Amy Okonkwo ba. Da me za ka auna su a wannan shekarar, da takardar ma'aikata? Mu a Nijar ma ai bai kamata mu so wannan mudu ba. Duk iya wasan yaron Damagaram, in ƙungiyar ƙasa ba ta fita ba, a lissafinka babu shi.

Na ƙarshe shi ne ka ce ban taɓa buga kwando ba, ina ruwan biri da gada. Wannan kam ba ni da ta cewa, domin kai ne shaida. Kai ka jera mu a filin makaranta gaban zoben ƙarfen da maƙeri ya lanƙwasa aka ɗaure a jikin ginshiƙi, ka ba ni ƙwallo sau uku, sau uku ina jefa ta bayan katanga, ka ce in je in riƙe maka agogo da littafin maki. Tun ranar nake riƙe da su. Masai Ujiri da ya tashi a Zariya bai taɓa buga NBA ba, leƙen 'yan wasa ya fara yi ba albashi, amma shi ya ɗauko wa Toronto Pascal Siakam na Duwala a lamba ta 27 a 2016, ba don ya gan shi da rigar Kamaru a wata gasa ba, sai don wasanninsa na jami'a da aka bi ɗaya bayan ɗaya. Bayan shekara uku Toronto ta ɗauki kofi. Ni ba Ujiri ba ne, ko kusa, littafin maki kawai muka haɗa.

Ranar Alhamis zan shigo kasuwar Dole sayen buhuna, in na gama zan biyo ta gida in gaishe ka. Zan taho da wasan Jamus a waya, mu zauna mu ƙirga sau nawa aka bar Nwora shi kaɗai a bakin layi. Sukari da ganyen shayi ni zan kawo.